IDAN TSOHON BABUR YA ƘI TASHI

Darasinmu na wannan wata a kan tsohon babur yake. Za mu koyi yadda ake gano abin da ya hana shi tashi, musamman ta wajen wuta.

DAGA KAKURI ZUWA ƘAUYE

Wanda ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya nufi kudu, zai iske unguwannin Makera da Kakuri da Barnawa da Nasarawa da Sabon Tasha. A wannan ɓangare ne masana'antun Kaduna suka taru. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara nasa a 1975. Dubban mutane sun ci abinci a wuraren nan, kuma da yawansu a kan babur suke zuwa aiki. A zamanin ana yayin Honda CG125 da Suzuki A100 da Yamaha YB100 da Vespa.

Daga baya masaƙu suka durƙushe. KTL ta rufe a 2002, UNTL kuma ta tsayar da aiki a 2007. Amma ba duka baburan suka mutu ba. Wasu an jingine su a soro ko bayan ɗaki shekara da shekaru. Bayansu kuma ga Jincheng na ƙasar Sin da Bajaj Boxer na Indiya, waɗanda 'yan acaɓa suka mora suka ajiye.

Irin waɗannan ne ɗan'uwanmu na karkara yakan samu da araha. Mutumin Kujama ko Kakau ko Kasuwan Magani ya sayar da masararsa, ya shigo gari, ya sayi tsohon babur don ya tashe shi. Da shi zai kai amfanin gona kasuwa. Da shi zai kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. To, ga babur an kawo gida, an yi ta buga kik har gumi ya karyo, ya ƙi tashi.

A nan ne kuɗi ke zurarewa. Wannan ya ce kwayil ne, a sayo. Wancan ya ce batir ne, a sayo. Kafin a ankara, kuɗin kayan gyara sun kusa kamo kuɗin babur, alhali kuwa laifin na wata 'yar waya ce da ɓera ya gaigaye. Saboda haka abu guda muke so ka riƙe: kada ka sayi kome sai ka gwada. Ka fara da abin da ke kusa da hannu, wanda ba ya cin ko kwabo, sa'an nan ka matsa gaba.

FARA SANIN BABUR ƊINKA

Kafin ka taɓa sifana, nemi amsar tambaya uku.

1. Batir nawa yake ɗauka? Ma'aunin ƙarfin wuta sunansa bolt, ana rubuta shi da harafin V. Dubi jikin batir ko jikin ƙwan fitila, za ka ga 6V ko 12V. Yawancin tsofaffi na zamanin masaƙu 6V ne. Na baya-baya 12V ne. Batirin 6V yana da rami uku, na 12V yana da shida.

2. Mai kwantak ne ko mai CDI? Kwantak wasu 'yan ƙarafa ne biyu masu buɗewa da rufewa a cikin maganeto, wato ƙaton faifan ƙarfe mai maganaɗisu da ke juyawa a gefen inji. CDI kuwa ɗan baƙin akwati ne, bai fi kwalin ashana da yawa ba, yana ƙarƙashin tanki ko kujera. Aikinsu ɗaya, wato sakin wuta zuwa fulogi a daidai lokacin da ya kamata.

3. Mai shan baƙin mai ne tare da fetur ko kuwa? Suzuki A100 da Yamaha YB100 da Jincheng AX100 suna ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa suke hayaƙi. Honda CG125 da Boxer ba sa haka, baƙin mansu a cikin inji yake zama.

KAYAN AIKI

Ba su da yawa. Sifanar fulogi, sukundireba, filaya, samfefa mai laushi, tef na naɗe waya, tsumma mai tsabta, da fulogi guda wanda ka tabbatar yana aiki. Sa'an nan ka haɗa fitilar gwaji da kanka. Samo ƙwan fitila mai bolt daidai da babur ɗinka, ka ɗaura masa waya biyu, ɗaya a gindi, ɗaya a gefe. In ka sami aron mita, madalla.

HATTARA

Yi aikin a fili, inda iska ke kaɗawa. Nesa da murhu, nesa da taba, nesa da yara. Fetur ba ya jiran a kira shi sau biyu. Ka kafa babur a kan tsakiyar ƙafarsa, giya tana firi. Ka ajiye bokitin yashi kusa, don ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

ABU UKU DA INJI KE BUKATA

Inji yana bukatar mai, da matsi, da wuta. Mai da iska su haɗu su shiga. Fistin ya matse su. Fulogi ya kyasta musu wuta. In ɗaya ya ɓace, ko ka kwana buga kik ba zai tashi ba. Don haka, kafin mu ɗora wa wuta laifi, sai mu sallami biyun farko.

Mai. Buɗe tanki ka shinshina. Fetur da ya daɗe a ajiye yakan canza wari, ya yi duhu, ya bar danƙo a cikin kafireto. Zubar da shi cikin galan, ka wanke tanki in akwai tsatsa. Zuba sabo. Buɗe famfon mai, ka sassauta sukurin da ke gindin kafireto. In mai ya zubo, hanya a buɗe take. In bai zubo ba, famfo ko tiyo ya toshe. Bayan ka buga kik sau da yawa, kwance fulogi ka duba bakinsa. In a bushe yake ƙayau, mai ba ya isowa, sai a wanke kafireto. In a jiƙe yake, mai yana zuwa, wuta ce ba ta kama shi.

Matsi. Injin da ya daɗe a kwance, fara ɗiga masa ƙaramin cokali guda na baƙin mai ta ramin fulogi. Duba baƙin man inji kuma. Makulli a kashe, toshe ramin fulogi da babban yatsa, wani ya taka kik a hankali. In iska ta ture yatsanka da ƙarfi, matsi yana nan. In ba ka ji kome ba, ciwon na ringi ne ko bawul. Wannan aikin makaniki ne, kuma sayen kwayil ba zai warkar da shi ba.

In mai da matsi sun cika, sai mu bi sawun wuta. Daga fulogi za mu fara, mu riƙa komawa baya.

MATAKI NA 1: FULOGI

Kwance fulogi, ka mai da shi cikin hularsa. Kwantar da shi yadda ƙarfen jikinsa zai taɓa kan inji, nesa da ramin da ka cire shi. Goge duk fetur da ya zuba. Kunna makulli ka buga kik, kana kallon bakin fulogi. In rana ta yi yawa, yi a inuwa. Kada ka riƙe shi da hannu, zai fizge ka.

Shuɗiyar wuta mai ƙara ƙyas-ƙyas ita ce lafiyayya. Ja ko rawaya mai raurawa ta yi rauni, tana iya bayyana a waje amma ta kasa a cikin inji. In babu kome, sa ɗaya fulogin da ka tanada ka sake gwadawa.

Launin bakin fulogi ma yana ba da labari. Ruwan ƙasa-ƙasa, inji lafiya. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai yana hawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan kuma inji yana zafi fiye da kima.

Tazarar bakin fulogi a yawancin ƙananan babura milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. In ba ka da geji, katin banki kaurinsa milimita 0.76 ne. Ke nan ya kamata katin ya shiga da ƙyar, ko ya ɗan ƙi shiga. In yana yawo a ciki, baki ya buɗe da yawa, sai ka ɗan ƙwanƙwasa shi a hankali.

MATAKI NA 2: HULA DA WAYAR FULOGI

Hular fulogi murɗa ta aka yi a kan waya. Warware ta. Sau da yawa za ka tarar bakin wayar ya yi tsatsa ko ya yi kore. Yanke kamar santimita 1, ka sake murɗa hular.

Kafin ka mayar, gwada wayar ita kaɗai. Riƙe ta da busasshen kara, bakinta ya kusanci kan inji da kamar milimita 5. Buga kik. In wuta ta yi tsalle, to kome na baya lafiya yake, laifin na hula ne ko fulogi. Ka ga ka tsira da kuɗinka. Abin lura, kada ka buga kik waya tana reto nesa da ƙarfe, musamman a babur mai CDI. Wutar da ta rasa wurin zuwa takan koma ta lalata kwayil ko akwatin.

MATAKI NA 3: MAKULLI

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. A yawancin ƙananan baburan nan, wutar fulogi daga maganeto take fitowa, ba ta bi ta batir. Shi ya sa suke tashi da kik ko da batir ya mutu. Idan ka kashe makulli, abin da yake yi shi ne ya karkatar da wutar zuwa ƙarfen babur, fulogi ya rasa. To, in ruwa ko tsatsa sun shiga gidan makulli, ko wayarsa ta goge tana taɓa ƙarfe, wuta za ta riƙa gudu ko da makulli a kunne yake.

Gwajin ba wuya. Cire fitilar gaba, ka nemo wayoyin da suka fito daga makulli. Zare wayar kashewa daga mahaɗinta. A Honda mai CDI baƙa ce mai ratsin fari. Buga kik. In wuta ta dawo, ka kama ɓarawo. Sai a wanke makulli ko a naɗe inda waya ta goge. Amma ka sani, muddin wayar nan a zare take, makulli ba zai kashe inji ba. Kada ka hau hanya a haka.

MATAKI NA 4: KWANTAK DA KWANDANSA

Wannan na masu kwantak ne. Cire murfin maganeto. Ta tagogin faifan za ka hango kwantak. Juya faifan da hannu, ka ga suna buɗewa suna rufewa. Babur da ya daɗe a ajiye, fuskar kwantak takan yi tsatsa ko maiƙo, wuta ta kasa wucewa. Ninka samfefa mai laushi, ka zura tsakaninsu, ka ja sau kaɗan. Sa'an nan ka bi da farar takarda mai tsabta har sai ta fito ba datti. Ƙwayar yashi guda ta isa ta hana wuta.

Idan sun buɗe iyakar buɗewarsu, tazarar ta zama milimita 0.3 zuwa 0.4. Wato kusan kaurin reza uku ko huɗu a haɗe. A Honda akwai harafin F a jikin faifan. Daidai lokacin da F ta zo kan alamar da ke jikin inji, a nan kwantak za su fara buɗewa. In sun riga ko sun makara, inji zai yi wuyar tashi.

Kwandansa ɗan gwangwani ne ƙarami da ke aiki tare da kwantak. In ya lalace, za ka ga tartsatsi mai yawa a bakin kwantak, fuskarsu ta ƙone ta yi ramuka. Wani lokaci babur ya tashi lafiya, in ya yi zafi ya mutu. Ba a gyara kwandansa, sauya shi ake yi, kuma ba shi da tsada.

In akwai mai, akwai matsi, akwai shuɗiyar wuta, amma kik yana dukan ƙafarka ko salansa tana harbi, a duba ki. Shi ɗan ƙarfe ne mai kamar rabin wata da ke riƙe faifan maganeto a mazauninsa. In ya karye, faifan ya goce, wuta ta riƙa zuwa ba kan lokaci ba. Akwai ƙarfe na musamman da ake zare faifan da shi. Kada ka bari a doke shi da guduma, don duka yana raunana maganaɗisu, yana kuma lanƙwasa sandar inji.

MATAKI NA 5: KWAYIL DA CDI

Sai yanzu muka iso masu tsada, kuma da gangan muka bar su ƙarshe. Fara da mahaɗan wayoyinsu. Zare kowanne, ka kankare kore da tsatsa, ka mayar ya kama gam. Kwance kwayil ɗin da ke ƙarƙashin tanki, ka goge inda yake zama a kan ƙarfe har ya yi ƙyalli, ka ɗaure.

In har yanzu shiru, nemi wani mai babur irin naka sak, wanda ke aiki. Ari CDI ɗinsa ka gwada, sa'an nan kwayil. Ɗaya bayan ɗaya za ka sauya, don in ka sauya biyu tare ba za ka san mai laifi ba. In duka biyun ba su kawo wuta ba, saura kwayil na cikin maganeto, shi kuma da mita ake auna shi.

Abin lura, CDI iri biyu ne. Akwai mai cin wuta daga maganeto, ana rubuta masa AC. Akwai mai ci daga batir, ana rubuta masa DC. A ido suna iya kama da juna, amma ba sa maye gurbin juna. Mai DC ba ya ba da wuta mai kyau in batir ya mutu ko fiyus ya ƙone.

BATIR DA FIYUS

Kunna makulli ka danna ham. In ya yi kuka da ƙarfi, batir yana da rai. In ya yi gurnani ko shiru, sai bincike. Da mita, cikakken batirin 6V yana nuna wajen 6.3, na 12V kuma wajen 12.6. In na 12V ya sauko ƙasa da 12, yana bukatar caji.

Dubi ruwan batir. Akwai layi biyu a jikinsa, ruwan ya tsaya tsakaninsu. In ya ragu, ƙara tataccen ruwan batir da ake sayarwa a kwalba. Ban da ruwan rijiya, ban da ƙarin asid. Batir na zamani wanda aka liƙe bakinsa kuwa ba a buɗe shi. In farin gari ko kore ya taru a kan batir, wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, amma kada ya shiga ramukan. Wajen cirewa, fara da waya mai alamar −. Wajen mayarwa, ita ce ta ƙarshe. In ruwan batir ya fallatsa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi asibiti.

Kusa da batir akwai fiyus. Shi ne mai gadin wayoyi. In wuta ta yi yawa, shi yake ƙonewa don sauran su tsira. Lambarsa tana jikinsa, yawanci 10A ko 15A. Mayar da mai lamba ɗaya. Masu naɗa waya ko takardar sigari a gurbin fiyus, gobara suke gayyata, ga shi kuwa tankin fetur yana sama.

In sabon fiyus ya sake ƙonewa, akwai wayar da ke taɓa ƙarfe. Ɗaura fitilar gwajinka a gurbin fiyus, ka kashe fitilu duka, ka kunna makulli. In ƙwan ya haska sosai, ɓarnar tana nan. Riƙa zare mahaɗai ɗaya-ɗaya. Wanda ka zare ƙwan ya dushe, a layinsa ciwon yake. Wuraren da waya ta fi gogewa su ne wuyan babur inda kai ke juyawa, da ƙarƙashin tanki, da ƙarƙashin kujera inda ɓera ke sheƙa.

WAYAR JIKI DA LAUNIN WAYOYI

Wuta tafiya take ta dawo. Tana fita ta waya, ta komo ta ƙarfen babur. Wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen, a nan za mu kira ta wayar jiki. In mazauninta ya yi tsatsa, sai abubuwan mamaki su fara. Ka taka birki sigina ta kama. Ka danna ham fitila ta dushe. Kwance notin, ka goge da samfefa, ka ɗaure. Wannan gyara na kyauta ya tashi babura masu yawa.

Kowane kamfani da launinsa. A Honda wayar jiki koriya ce. A Yamaha baƙa ce. A Suzuki baƙa ce mai ratsin fari. Ka lura da tarkon da ke nan. Baƙa mai ratsin fari a Suzuki wayar jiki ce, amma a Honda wayar kashewa ce. Wanda ya saba da Suzuki, in ya ɗaure ta a ƙarfen Honda, ya kashe wutar fulogi da hannunsa. Tsohon babur kuma ya bi ta hannu da yawa, wataƙila an yi masa ƙari da kowace irin waya. Don haka kafin ka zare waya, ɗaura mata 'yar takarda ka rubuta inda ta fito.

IDAN SITATA CE TA ƘI

Wannan na masu maɓallin tayarwa ne. Kasa kunne ka ji abin da za ta ce.

In shiru ne gaba ɗaya, duba fiyus, da maɓallin kansa. Tabbatar giya tana firi, ko ka matse kuloci.

In ƙas kawai ka ji, dubi koriyar fitilar firi lokacin da kake dannawa. In ta dushe, batir ya yi sanyi ko kansa ya saki. In ba ta dushe ba, laifin na rile ne, wato makunnin da ke tura babbar wuta zuwa sitata, ko kuwa gawayin cikin sitata ya cinye. Gawayi kaɗai ake sauyawa, ba sai an sayi sitata sukutum ba.

In sitata tana juyawa fiu amma inji bai motsa ba, abin da ke kama inji ne ya saki. Sai makaniki.

Kada ka danne maɓalli fiye da daƙiƙa 5. Saki, ka jira kamar daƙiƙa 10, ka sake. Kada a jona batirin 12V a babur mai 6V. Kada kuma a jona daga motar da injinta ke aiki.

IDAN BATIR BA YA RIƘE CAJI

Tashi inji ka ɗan ba shi wuta, ka auna kan batir da mita. Na 12V ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai motsa ba, caji ba ya zuwa. In ya wuce 15, raktifaya ta lalace, za ta dafa batir ta ƙone ƙwayaye. A tsofaffi masu 6V da yawa, batir ne ke shanye rarar wuta. Shi ya sa wanda ya cire batir yana yawo a haka ba ya rabuwa da sayen ƙwan fitila.

DAMINA DA HUNTURU

A watan Agusta, lokacin da ruwa ya kankama a Kaduna, laima takan shiga hular fulogi da makulli da murfin maganeto. In babur ya mutu bayan ka ratsa kududdufi ko rafi, kada ka yi saurin kwance kafireto. Cire hula ka share ta, ka buɗe murfin maganeto ya sha iska. Da hunturu kuwa ƙura ce ke toshe matatar iska, sanyin asuba kuma yana rage ƙarfin batir. Wanke matata, ka ja cok kafin ka buga, in ya tashi ka mayar.

WANI MISALI

Mu ɗauka wani manomi ya sayo tsohuwar Honda a Kakuri. Ta ƙi tashi. Ya zuba sabon mai, ya ga yana sauka. Ya toshe ramin fulogi, iska ta ture yatsansa. Ya gwada fulogi, babu wuta. Ya sa wani, babu. Ya yanke bakin waya, babu. Ya zare wayar kashewa, sai ga shuɗiyar wuta. Da ya bi wayar, ya tarar ta goge a wuyan babur tana taɓa ƙarfe. Tef kaɗai ya saya. Da ya bi maganar 'yan kallo, da ya sayi kwayil da CDI da batir, kuma da babur yana nan jingine.

IN ZA KA JE SAYEN KAYA KO WURIN MAKANIKI

Tafi da tsohon abin a hannunka, ka karanta lambar da ke jikinsa, ka gwama da sabon. Fulogi ma yana da lamba, kuma tsawonsu ya bambanta. Wanda ya yi tsawo yana iya dukan fistin. A wurin makaniki, gaya masa abin da ka riga ka gwada. Ka ce a gwada a gabanka kafin a sauya, a kuma ba ka tsohon da aka cire. Makanikin kirki ba ya jin haushin wannan. Kuma kafin ka hau titin Kachiya ko na Abuja, tabbatar birki da fitila da ham suna aiki, takardun babur kuma sun cika. Wajen saye ma, karɓi rasit da takardun asali, don kada araha ta kai ka ga kayan sata.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abubuwa uku inji ke bukata kafin ya tashi?
2. Wane launi ne na lafiyayyar wutar fulogi?
3. Rami nawa batirin 6V yake da shi? Na 12V fa?
4. Me ya sa ba a sa waya a gurbin fiyus?
5. Wane launi ne wayar jiki a Honda, da Yamaha, da Suzuki?
6. Ka danna sitata ka ji ƙas, fitilar firi ta dushe. Me za ka fara dubawa?

AIKI

Nemi babur a ƙauyenku, da izinin mai shi. Rubuta sunansa, da bolt na batirinsa, da lambar fiyus, da lambar fulogi a littafinka. Ku haɗa fitilar gwaji tare da abokan karatunka, ku gwada ta a kan batir.

Sai mun sadu a fitowa ta gaba. Allah ya kiyaye hanya.